Ƙullin da Ba a Gani

Ƙarfe shida da kwata, Vigo na shan ruwa,
yayyafin nan da bai san gajiya ba.
Ta tagar hawa na huɗu ina hango jiragen masunta
sun jeru a gaɓa kamar takalma a ƙofar ɗaki.
Ni ce mai ƙirga allurai.
Shekara sha tara ina ƙirgawa,
ban taɓa riƙe wuƙa ba, ban kuma taɓa sha'awa ba.

Yau Sabela Outeiro ce a gadon tiyata.
Shekara saba'in da takwas, hamsin a bakin teku
tana ɗinke ɓarakar taru,
har yatsunta suka karkace kamar citta.
Ƙyauren zuciyarta ya cije,
matakala uku, sai ta tsaya roƙon numfashi.

Kafin barci ya ɗauke ta, ta kamo hannun likita:
"Wane ƙulli za ki yi mini?"
Likita Uxía Carballal ta ce, "Zarge."
"Mai zamewa?"
"Sau ɗaya yake zamewa, daga nan ya kafe."
Tsohuwa ta taɓe baki. "Ma gani."
"Ba za ki gani ba," in ji likita. "Ni ma haka."

Ba mu tsaga ƙirji ba.
Ta matsematsi muka bi, inda babbar jijiya ke bugawa,
huji guda, bai kai ƙwayar wake ba.
An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga.
To, mu ne masu tsagawa, mu ne ƙadangarun,
sai dai mu mukan ja ƙofa in za mu tafi.

Ga abin da ɗalibai ke mantawa:
tun hujin yana ƙarami, tun ba a faɗaɗa shi ba,
ake dasa zaren rufewa.
Siririn ƙarfe ya shige, ya buɗe ƙafa daga ciki,
ya tokare bango ta baya
yadda anga ke kama yashi.
Allurai biyu suka sauka, suka huda,
suka cafko zare a cikin duhu, suka fito da shi.
Aka karkata hannu, aka maimaita.
Na karɓi bakin zare huɗu,
na maƙale su a gefe, kan koren ƙyalle.
Suna nan kwance, suna jira,
sa'a guda da rabi ba mai kallonsu.

Sabon ƙyaure ya hau, ya buɗe, ya rufe.
Wani a baya ya saki ajiyar zuciya.
Likita ba ta ɗago ba.
Shiga ba ta taɓa ba ta tsoro ba.

Aka zare bututu.
Jini ya biyo, da zafinsa, bai yi sallama ba.
Ta tura ƙullin fari da ɗan sanda,
ya gangara ramin da ido bai kai ba,
yatsa kaɗai ke jin labari.
Ya zauna.
Na biyu ya ƙi.
Bangon ya tsufa, ya yi tauri kamar ɓawon ƙwai,
ka ja da ƙarfi, zare ya yanka ya fito,
ka sassauta, ja ya cika gado.
Ta rufe ido. Na ga leɓenta na motsi.
Ta ja kamar mai zare hannu daga ƙarƙashin jariri.

Auduga ta farko ta jiƙe.
Ta biyu, ɗigo.
Ta uku ta dawo fara.
Na ƙirga allurai da babbar murya, suka cika.

Washegari na kai mata ruwa.
Ta riga ta laluba wurin, ta sami ɗan filasta kawai.
"Yana yoyo?"
Na ce a'a.
Ta juya ga taga, jiragen sun riga sun fita.
"Nawa ma," ta ce, "a ƙarƙashin ruwa suke aikinsu.
Ki gaya wa yarinyar nan
hannunta ba laifi."